Maganar da ke Cikin Maganaɗisu

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙafar? Ko a mota kika baro ta, na ga kin shigo da sanda a madadinta?"

"Ƙafata tana nan inda Allah ya dasa ta. Ya kunnuwa? Tun daga bakin titi na hango su, su suka nuna mini shagon."

Gaisuwarsu ke nan, kuma haka take tun yana rarrafe. Ita kakarsa ce ta wajen uwa, tsohuwar tela wadda ciwon ido ya raba da keken ɗinki ba don ranta ya so ba. Shi kuwa jikanta ne na fari, mai gyaran kwamfuta a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene. Duk layin Injiniya ake ce masa, amma a bakinta bai taɓa wuce Mai Kunnuwa ba. Ya kwashe tarin wayoyi daga kan benci ya kakkaɓe mata. Ta zauna tana ƙare wa wurin kallo: kwamfutoci a kan kanta an buɗe musu ciki, sukurori a murfin kwalba, warin dalma, ga wata fanka a kusurwa da ta fi ba da ƙara a kan iska.

"Da kin ce za ki zo, da na yi shara."

"Da wace tsintsiyar? Ni ban taɓa auren ƙazami irinka ba. Dubi kayan mutane, ka farke su ka bar hanji a waje. Mahauci ma yana rufe namansa."

"Aikin likita ne, ba za ki gane ba."

"Likitan da marasa lafiyarsa ba sa tashi."

"Ke dai ki yi a hankali, saura kaɗan in sake ki in auri mai haƙora."

"Ka fara samun mai kallonka tukuna."

Bakinta yana wasa, amma ba ziyara ce ta fito da ita ba. Mijinta, wanda kowa ya sani da Mai Hoto, ya daɗe da rasuwa. Mutum ne mai surutu, wanda tun daga ƙofar gida yake fara kiranta, bai kuma yin shiru sai barci ya ɗauke shi. Hotonsa yana nan a bangon ɗakinta, kullum tana ganinsa. To kwanakin baya tana ninke wanki sai ta so ta tuna yadda yake kiran nan nata. Kalmar ta zo, sautin ya ƙi zuwa. Ta zauna a bakin gado ta yi ta nema, kamar mai laluben allura a tabarma, ba ta samu ba. Abin ya tsorata ta ƙwarai, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Ana cikin haka ta tsinci wani ɗan ƙarfe a aljihun tsohuwar jakar kyamararsa. Ta kira jikan a waya ta kwatanta masa. Ya ce faifan maganaɗisu ne, ta adana shi da kyau, zai zo ya duba. Bai zo ba, ɗan banzan. Ita kuwa a duk bayaninsa abu ɗaya ne ya maƙale mata a kunne, wato magana.

Ta zaro wani tsohon gwangwani daga jaka ta ɗora a cinya.

"Me kika kawo mini? In tsaraba ce, Allah ya sa ba maɓallai ba ne."

"Kayan wanda ya fi ka ne."

"Tsohon nan har yau bai bar ni na sarara ba? Ya tafi ya bar mini ke, me kuma yake nema?"

"Bai bar maka ni ba, ajiya ya ba ka. Karɓi nan, kuma ka wanke hannu."

Ta buɗe murfin ta ciro wani ƙunshi mai girman kan jariri, an naɗe shi da zare tamau. Ya tsinke zaren ya fara warwarewa. Ƙyalle ya fita, wani ƙyallen ya bayyana. Bayansa safa, bayan safa guntun labule, bayan labule soson kafaɗar kwat.

"Kaka, akwai abu a ciki kuwa, ko so kike in wuni a nan?"

"Ci gaba. Da ma me kake yi?"

"Tsaya. Wannan ai hannun rigar makarantata ne. Rigar da aka zane ni a kanta, aka ce na yar."

"Ta yi maka kaɗan, na yanka."

"Kina kallo ana dukana."

"Akwai wasu laifuffukan da ba a kama ka ba, sai na ce a haɗa."

A ƙarshe abin ya faɗo tafin hannunsa: ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, bai kai kwalin ashana ba, kuma bai kai shi kauri ba. Jikan ya ɗaga shi a haske yana murmushi irin na wanda ya haɗu da tsohon aboki.

"Rabon da in ga irin wannan har na manta. Kin san me ke ciki? Wani ɗan faifai ne kamar kwabo, yana juyawa da gudu, ga wata 'yar allura a kansa tana bi tana karantawa."

"Faifai da allura? Ashe duk kayan mata ne kuka sace kuka cusa a ƙarfe, kuna yi mana fankama."

"Na ji. Ki kai ƙara."

"Sai na gama da kai. To, kunna mini maganar."

"Wace magana?"

"Maganar da ke ciki mana. Da bakinka ka faɗa."

"Ni? Yaushe?"

"A waya. Ka ce faifan magana ne."

"Maganaɗisu na ce."

"To ni me na ce? Magana, ɗisu. Ɗisun ne ban sani ba, na ɗauka sunan kamfanin ne."

Dariya ta kama shi har ya dafa kanta, kunnuwan nan suna rawa. Ya maimaita "sunan kamfanin" ya sake fashewa. Da kyar ya tsagaita ya goge ido da bayan hannu.

"Amarya, kin gama da ni. Ba ruwansa da magana. Sunan abin da ake rubutu da shi a kan faifan ne. Kyamara ce fa, ba rediyo ba. Hotuna ne kawai a ciki."

"Hotuna kawai?"

"Hotuna kawai. In kin ji magana a cikin wannan, ki yanke kunnuwan nan ki yi mafici da su."

Tun daga gida take tafe da murnarta, har ta tanadi inda za ta zauna ta saurara, ga shi yaro ya kashe mata ita da dariya. Ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai tana tattara tsummokaranta cikin gwangwani don kada ya ga idonta.

"Da ma na sani," in ji ta. "Gwada ka nake, in ga ko kuɗin makarantar ya yi amfani."

Ta ɗago ta ga ba ita yake kallo ba, cikin gwangwanin yake leƙe. A ƙasa akwai wani baƙin dunƙule, fil da allurai sun manne masa ko'ina kamar bushiya.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Mayen ƙarfena ne. Na tsince fil. Kakanka ne ya ciro mini daga tsohuwar lasifika."

"Tare kika ajiye su?"

"Ka ce in adana da kyau. Duk gidan nan akwai inda ya fi gwangwanina tsaro? Ko ɓera ya san ba a taɓa shi."

"Kaka, wannan shi ne maganaɗisu."

"Ƙarya kake. Shekara da shekaru muna tare, bai taɓa ce mini uffan ba."

Wannan karon bai yi dariya ba, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Ya ɗauki gwangwanin da hannu biyu ya kai shi can bakin ƙofa ya ajiye, sannan ya dawo ya tsuguna a gabanta. Ya ce rubutun da ke kan faifan da irin ƙarfin nan aka yi shi, saboda haka in babba ya kusanto, yana iya shafe komai tas.

"Wato na kwantar da shi ɗaki ɗaya da mai cinye shi."

"Kusan haka."

"To da ka ce mini maye, ai da na gane. Wace uwa ce za ta kai ɗanta ɗakin maye? Kai ne ka tsaya yi mini malanta a waya."

"Laifina ne. Da na zo tun ranar."

"Kada ka karɓi laifi, ba ya yi maka kyau. Tashi ka duba."

Ya shiga ƙarƙashin tebur ya jawo wani kwali mai ƙura, ya yi ta tono. Cajoji matattu suka fito, da faifai masu tsatsa, har da takalmi ƙafa ɗaya. Can ya zaro wani ɗan akwati mai baki siriri da waya a gindi, ya hure shi, ya jona a wata tsohuwar kwamfuta da ke gefe.

"Kin ga amfanin ƙazantar da kike zagi? Da ina shara, da wannan yana juji."

"In ya yi aiki na yafe maka ƙura. Takalmin ne ban yafe ba."

Ya ce bismillah ya tura ɗan faifan a hankali. Shiru. Fanka tana ta ƙararta, sai ya miƙa hannu ya kashe ta. A nan ne suka ji wani ɗan sauti siriri, zuuu, sannan ƙis, ƙis, kamar agogon hannu. Ta matso da kunnenta kusa da akwatin.

"Yana numfashi."

"Faifan ne ya tashi. Allurar tana nema."

"Allah ya ba ta sa'a. Na san wahalar."

Allon kwamfutar ya daɗe bai nuna komai ba. Ta riƙe sandarta da hannu biyu tana addu'a a zuci. Ba hotunan ne suka fi damunta ba a lokacin. Tunanin cewa da hannunta ta shafe abin da ya rage na mutumin nan, shi ne ya tsaya mata a rai. Jikan ya danna wani wuri, ya jira, ya sake dannawa. Sai ga hoto ya fara saukowa daga sama: wani ango ne da amaryarsa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa toka ce kawai.

"Maye ya cinye musu ƙafafu," in ji shi.

"Ba komai, na san su. Da ma auren bai je ko'ina ba. Wuce."

Na biyu ya fito lafiya, na uku ma haka. Daga nan suka yi ta zubowa: fuskokin masu neman katin aiki sun ƙame kamar an tsare su da bindiga, jariri yana tsala ihu a kan tawul, 'yan makaranta a jere. Nan da can akan sami wanda ya lalace, amma yawanci ƙalau suke.

"Tsummokaran nan ne suka cece mu," in ji jikan. "Kaurinsu ne ya raba su. Da kin sa shi tsirara, da sai dai labari."

"Maimaita. Me ya cece ku?"

"Hannun rigata."

"Ka ga dukan bai tafi a banza ba."

Sai hotunan gida suka fara. Ga ta a kan keke, fil a baki, ta haɗe gira. Ga ta tana nuna wani da almakashi, baki buɗe. Ga ta barci ya sace ta a kan tulin yadi. Ba ta san ya ɗauki ko ɗaya ba.

"Dubi yadda kike barci, kamar an jefo ki daga bene."

"Tunani nake. Kai, tsaya, koma baya. Wane ne wancan?"

Wani yaro ne siriri a tsugune kusa da kekenta, ya kwance rediyon gidan ya baje a ƙasa, rana ta hasko ta bayan kunnuwansa sun yi ja.

"Ban san shi ba."

"Ni na san shi. Kunnuwan aka fara haifa, shi ya biyo bayan sati."

Ta yi dariya har hawaye ya zubo, ta bar shi ya zuba tunda an sami abin fakewa. A ranta ta gode wa Allah, kuma da gaske take. Ta zo neman murya ba ta samu ba, amma ta ga yadda mutumin nan yake kallonta lokacin da ba ta sani ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ta dafa sanda za ta miƙe.

"Alhamdu lillahi. Ka wanke mini na barcin, in ɓoye kafin ka nuna wa duniya."

"Kaka, zauna tukuna."

Muryarsa ta sauya. Ya matso da fuskarsa dab da allon. A gefen wasu hotunan akwai wata 'yar alama mai kama da bakin ƙaho, wadda ɗazu bai kula da ita ba. Ya sosa ƙeya. Ya ce ya tuna akwai kyamarorin da mai hoto kan danna wani maɓalli ya faɗi 'yar magana a kan hoto, don kada ya manta na wane ne.

"Ya faɗi me?"

"'Yar... bayani."

"Ba haka ka ce ba. Wace kalma ka faɗa?"

"Ki bari mu gani mana."

Ya jawo wata ƙaramar lasifika ya jona, ya zaɓi hoton wata mata mai kumatu, ya danna. Aka ji shuuu, aka ji an yi gyaran murya.

"Wannan matar direba ce. Ta ce a rage mata kumatu. Ni mai hoto ne, ba kafinta ba."

Sandar ta suɓuce daga hannunta ta faɗi. Shi ne. Ga 'yar shaƙewar nan tasa, ga yadda yake jan ƙarshen magana kamar dariya na jiransa a gaba. Yaya aka yi ta manta wannan? Ta sa hannu ta toshe baki. Jikan bai kalle ta ba, ya yi kamar yana neman wani abu a allon, ita kuwa ta ji daɗin hakan.

"Akwai wata," ya ce a hankali. "A kan hoton da nake kwance rediyo."

"Sa."

Ƙarar keken ɗinki ce ta fara fitowa, sannan muryar.

"Ya kama? To, jar fitila ta kama. Telaaa. Tela, ɗago ki gai da mutane."

Can daga nesa wata murya mai kaifi ta amsa: "Ka ƙyale ni, aikin mutane ne a gabana."

"Kun ji ta ko? Haka nake fama, kuma ban ga wadda zan canza da ita ba. Kai kuma Mai Kunnuwa, na san wata rana sai ka buɗe wannan, tunda ba abin da hannunka ke bari. To ka ji da kyau, ga kunnuwan nan Allah ya ba ka. Ka fita hanyar matata. Ka girma ka nemo taka."

Aka ji dariyarsa, aka ji ƙit, shi ke nan.

Ɗan faifan yana ta zuuu a cikin akwatinsa. Ta daɗe tana share fuska da gefen mayafi. Kiran nan da ta yi ta nema ya dawo ya zauna daram a inda yake da, har tana mamakin yadda ya taɓa ɓacewa. Da ta sami bakin magana, sai ta miƙa wa jikan hannu.

"Ba ni almakashi."

"Na me?"

"Mafici. Zafi ake yi, ka kuma kashe fanka."

Ya yi dariya, shi ma idonsa ya kaɗa. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na sallama. Akwai magana a cikin maganaɗisu, ɗisun kuma sunan kamfani ne. Matar ma na janye. Mutum yana kabari yana korata, ina ni ina takara da shi?"

"Da ma ka fi kyau da ɗan aike."

"Kawo wayarki in zuba miki. Zan sa a wurare da yawa, ko mayu goma kika tara ba za su cinye ba. In kin danna nan, zai kira ki."

Ya zuba, ya nuna mata, ta gwada da kanta. Telaaa. Ta sake dannawa. Sannan ta kife wayar a cinya ta dubi jikan sosai, ba irin kallon da ta saba yi masa ba.

"Allah ya yi maka albarka. Ka yi mini abin da ba ka san girmansa ba. Na gode."

Sai ya lalubo tasa wayar da sauri.

"Tsaya, tsaya. Maimaita in ɗauka. Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan daga bakinki ba, ba wanda zai yarda in ba shaida."

"Ka makara. An rufe shago."

"Haba amarya."

Ta buɗe baki za ta ƙara masa wata, sai ta lura da yadda ya riƙe wayar. Yana dariya, amma hannun ba na mai wasa ba ne. Ta gane cewa wata rana shi ma zai zauna a bakin gado yana laluben wata murya, kuma ta san wace ce. Ta gyara zama, ta gyara ɗaurin kallabi kamar hoto za a ɗauke ta.

"Kunna abin naka. Ya kama?"

"Ya kama."

Ta matso da bakinta kusa da wayar.

"Mai Kunnuwa, ni ce. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mai haƙuri da ƙazanta. In ka ji kewata ka danna nan, zan zage ka ko sau nawa kake so. Yanzu kashe, ka ɗauko mini sandata."